Haƙurin da Ba Ya Rufe Baki

Ranar Lahadi 15 ga Janairu, 2023, 'yan bindiga suka afka wa wata majami'a a Dantsauri, kusa da Gidan Haruna cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ana tsakiyar sujada, suka ji wa faston rauni, suka kora masu ibada zuwa daji. Kafin nan, a watan Mayun 2022, an ɗauke limaman Katolika biyu, Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, daga masaukinsu a Gidan Maikambo ta Kafur, sai da suka kwashe wata guda a hannun mutanen. Shekara guda gabanin wannan, a Malumfashi, an kashe Fada Alphonsus Bello aka tafi da dattijo Fada Joe Keke. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, maganar da masu jaje suka zo da ita ɗaya ce: a yi haƙuri. Fasto ya faɗa, mai unguwa ya faɗa, ɗan siyasar da ya iso da jiniya da buhunan shinkafa shi ma ya faɗa. Sai dai ba abu guda suke nufi ba, kuma rashin rarrabe nufinsu ya yi wa masu bi na yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ɓarna mai yawa. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, haƙurin da bangaskiyar Kirista take koyarwa bashi ne da mai bi yake biyan Allah shi kaɗai. Ba a bin sa wannan bashi a fadar mai mulkin da ya yi sakaci, ba a kuma bin sa a dabar azzalumi. Mutum yana iya jiran Ubangiji shekara goma ba tare da gunaguni ba, a lokaci guda kuma ya hana shugaban ƙaramar hukuma barci.

Misalin da Littafi Mai Tsarki ya fi shahara da shi a kan wannan batu yana cikin wasiƙar Yakubu, sura ta 5, inda aka nuna wa masu bi manomi yana dakon ruwan farko da na ƙarshe. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai ɗauka ana yabon zaman banza ne. Manomin Daudawa ko na Damari ya san ba haka ba ne. Tun cikin bazara ya yi sharar gona, ya kai taki, wani ma ya yi binne, ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa alhali babu ko ɗigon gajimare a sama. Ruwa na sauka ga noman fari, ga huɗa, ga maimai, ga fargabar tsutsa a masara. A cikin duk wannan aiki abu ɗaya ne tak ba ya hannunsa, wato saukar ruwan, kuma a nan ne kawai haƙurinsa yake. Ba ya haƙuri da ciyawa, nome ta yake yi. Ba ya haƙuri da dillalin da ya sayar masa da jabun taki. Haƙuri ke nan ya zama sanin iyaka tsakanin abin da Allah ya riƙe wa kansa da abin da ya damƙa wa mutum, kuma zunubi ne a ketare iyakar ta kowane ɓangare: a yi ƙoƙarin ƙwace abin da ke na Allah, ko a jingina wa Allah abin da ya riga ya ba mu mu yi. Akwai kuma abin da masu wa'azi kan tsallake. Ayoyin da suka gabaci misalin manomin nan tsawa ce mai zafi a kan attajiran da suka danne hakkin ma'aikatan da suka girbe musu gonaki, har aka ce kukan ma'aikatan ya kai kunnen Ubangiji. Alƙalamin da ya rubuta umarnin haƙuri bai bushe ba daga rubuta la'antar zalunci. Wanda ya karanta wa jama'a na biyun ya ɓoye na farkon ya raba abin da marubucin ya haɗa.

Juriya kuma ita kaɗai ba falala ba ce. Manyan malaman ikilisiya uku na farko da suka keɓe wa haƙuri littafi guda dukansu 'yan Afirka ta Arewa ne: Tartuliyan wajen shekara ta 200, Sifiriyan bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau wajen 256, sai Agustin bishop na Hippo a Aljeriya ta yau a farkon ƙarni na 5. Agustin ya kawo wata hujja da kamar don mutanen hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya rubuta ta. Ya lura cewa 'yan fashin hanya ma suna kwana ba barci, suna jure sanyi da yunwa, suna laɓe suna jiran matafiyi, amma bai yarda a kira wannan haƙuri ba, taurin zuciya ya ce sunansa. A wurinsa, dalilin da ya sa mutum yake jurewa shi ne ke tantance ko haƙuri ne. Wannan ya isa ya gyara mana tunani. Yaron da ke dajin Rugu da bindiga a kafaɗa ya fi yawancinmu iya jira. Yana iya riƙe mutum wata uku yana cinikin kuɗin fansa ta waya ba gaggawa, ya ƙara da buƙatar babur da katin waya, ya sake jira. Idan tsawon jira ne mizani, to shi ne waliyyin yankin. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowane jira ita ce: wa ake jira, kuma me jiran yake mai da mai yin sa? Jiran da ya mai da mutum dutse, ko ya mai da shi gawa mai tafiya wadda ba ta sa ran komai, ba shi ne Bulus ya lissafa cikin 'ya'yan Ruhu ba.

Abin da haƙurin Kirista ya haramta a fili shi ne ramuwar gayya, kuma a nan ne amfaninsa ga ƙasar Katsina ta kudu ya fi bayyana. Dauda ya sami Saul, mai farautar ransa, a hannunsa har sau biyu, da mayaƙa a bayansa suna zuga shi, ya ƙi kashe shi. Bulus a Romawa sura ta 12 ya hana masu bi ɗaukar fansa da kansu, ya ce a bar wa Allah. Mai jin zafin rashi zai ce wannan maganar masu rauni ce, amma tarihin rikicin nan da kansa shaida ne. Kowa a yankin ya san yadda wutar ta ruru: a sace shanu, a kai hari ƙauye, 'yan sa-kai su tare wani Bafulatani a hanyar kasuwa su kashe shi don kamanninsa kawai, danginsa da ba su taɓa riƙe bindiga ba su shige daji, bayan mako biyu a ƙone wani ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna a matsayin hujja. Zoben ramuwar nan ba ya tsinkewa sai an sami wanda aka zalunta da gaske, wanda yake da ikon ramawa, ya ce daga kaina ta tsaya. Wannan ba ya nufin a miƙa wuya. Nehemiya, da aka yi barazanar kai wa masu ginin garun Urushalima hari, addu'a ya yi ya kuma sa masu gadi dare da rana. Tsaron ƙofar gari ƙarƙashin doka, irin wanda gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta nufa da rundunar tsaron al'umma da ta ƙaddamar a Oktoban 2023, daban yake da bin rugage ana hukunta wanda ba a tuhuma ba. Akwai kuma wata gajeriyar hanyar da haƙuri ya toshe, wadda ba a cika ambatonta a kan bagade ba: talauci ya ishi mutum ya zama infoma, ko mai kai wa daji fetur da burodi. Shi ma ya gaji da jiran arzikin halal ne.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan koyarwa ita ce, haƙuri sandar masu mulki ce. Ba zan raina wannan suka ba, domin akwai gaskiya mai ɗaci a cikinta. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan an rufe wasu hanyoyi an hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka ce wa talaka ya jure na ɗan lokaci. Ya jure, hare-haren kuma ba su ƙare ba. Martin Luther King, fasto ɗan Baptis, yana kurkukun Barminham a Amurka a 1963 ya rubuta wa 'yan'uwansa limamai da suke ce masa ya dakata, ya nuna musu cewa a bakin wanda ba ya jin zafin, a dakata kusan kullum yana nufin har abada. Amma a lura, ba daga wajen bangaskiya ya kawo wannan amsa ba, daga cikinta ya ciro ta. Littafin da ya umarci haƙuri shi ne kuma ya cika da ƙorafi. Zabura ta 13 tambayar Allah take yi har yaushe zai manta da bawansa. Habakuk ya buɗe annabcinsa da ƙarar cewa yana kuka a kan ta'addanci ba a amsa ba, shari'a ta shanye, sannan ya hau hasumiya ya tsaya jiran amsa. Yesu da kansa, a Luka sura ta 18, da ya so koya wa almajiransa naciya, gwauruwar da ta addabi azzalumin alƙali da zarya har ya gaji ya bi mata hakkinta ya ba su misali. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba bisa ƙa'ida ba, da aka ce ya fita a ɓoye ya ƙi, ya ce sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Romawa sura ta 13, wadda masu mulki suke son a karanta musu, ita ce ta ce an ba hukuma takobi ne don hukunta mai mugunta, kamar yadda sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin farko na gwamnati. Hukumar da ta bar takobin a kube ta saɓa wa surar kafin talakan da ya tuna mata.

Ƙanƙara ma ta ba da nata darasin. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, Shugaba Muhammadu Buhari yana hutu a Daura. Iyaye suka yi dafifi a harabar makarantar suka ƙi watsewa, suna addu'a, suna magana da 'yan jarida, duniya ta ɗauka. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Da wuya a musanta cewa hayaniyar nan tana cikin abin da ya gajarta kwanakin. A kwatanta da matar da aka ɗauke daga wani ƙauyen Sabuwa wanda sunansa bai taɓa shiga rediyo ba, mijinta ya sayar da gona da shanun huɗa a asirce, ba wanda ya rubuta sunanta a ko'ina. Iyayen ɗaliban ba su gaza a haƙuri ba don sun ɗaga murya. Mijin matar nan kuma shirunsa bai ƙara masa lada ba, kaɗaici kawai ya ƙara masa.

Suka ta biyu ta fi ciwo, domin daga bakin masu bi take fitowa: mun yi haƙurin, me ya haifar? Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, amma duk mai gaskiya ya san mahaƙurtan da aka binne ba su ga wadatar ba. Leah Sharibu, wadda aka ɗauke daga Dapchi ta jihar Yobe ranar 19 ga Fabrairu, 2018, an sako abokan karatunta bayan wata guda aka riƙe ta, iyayenta suka shiga jira na shekara da shekaru. A nan dole ikilisiya ta kame bakinta daga alkawarin da Ubangijinta bai yi ba. Mai wa'azin da ya ce wa uwa ta yi azumin kwana bakwai ta ba da baiko na musamman ɗanta zai dawo kafin ƙarshen wata, ciniki yake yi da hawayenta, kuma ranar da watan ya ƙare bai dawo ba, bangaskiyarta ce za ta biya kuɗin ƙaryarsa. Wasiƙar Ibraniyawa sura ta 11 ba ta yi wannan yaudara ba. Ta jera waɗanda suka tsira daga bakin zaki da kaifin takobi, ta kuma jera waɗanda aka jejjefe, aka kashe da takobi, suka yi yawo a jeji da kogwanni, ta ce dukansu an yaba musu bangaskiya, ba su kuwa karɓi abin da aka alkawarta ba a zamaninsu. Sifiriyan da ya rubuta littafi a kan alherin haƙuri, sare masa kai aka yi a 258. Ginshiƙin jiran Kirista ba a wannan daminar yake ba, yana kan tashin Almasihu daga matattu da shari'ar ƙarshe, kuma Bulus ya amince a fili cewa in begen ya tsaya a rayuwar duniya kaɗai, masu bi sun fi kowa zama abin tausayi. Wanda bai gaskata da tashin matattu ba yana da ikon cewa caca ce. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne wai koyarwar ta ɓoye farashinta.

Wani zai ce, to ai wannan ba na Kirista kaɗai ba ne. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe ta da ƙarfi. Mafi yawan waɗanda aka kashe a Kadisau ta Faskari a Yunin 2020, da 'Yargoje ta Ƙanƙara a Yunin 2024, Musulmi ne, kamar yadda mafi yawan mazauna yankin suke, kuma addininsu ya ɗaukaka haƙuri ƙwarai. Annabi Ayuba na kowa ne. Kiristan da ya ba da labarin bala'in nan kamar shi kaɗai ake farauta ya zalunci maƙwabcinsa, ya kuma rage wa kansa abokan kuka. Inda koyarwar Kirista ta ɗauki nata launi shi ne a kan gicciye, inda ta ce Allah bai tsaya daga nesa yana umartar haƙuri ba, shi ma ya sha azabar hannun mutane. Daga nan ne magana mafi nauyi take fitowa. Wasiƙar Bitrus ta biyu ta fassara jinkirin Allah da cewa sarari ne yake ba mutane su tuba, domin ba ya son kowa ya hallaka, kuma kowa ɗin nan ya haɗa da wanda ya ƙone maka rumbu. Ba na jin akwai abin da ya fi wannan wuyar haɗiyewa ga mutumin da ya binne ɗansa. Duk da haka gafara ba ta nufin amincewa, ba ta kuma soke shari'a. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, daga baya shi da bakinsa ya ce sun ci amana. A 2025 an sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, mutanen daji suka halarta da makamansu a jiki. Mai bi yana iya yin addu'a sulhun ya ɗore, ya cire ƙiyayya daga zuciyarsa, ya kuma tambaya a bainar jama'a: ina waɗanda ke tsare har yanzu, yaushe za a ajiye bindigogin, wa zai biya gwauraye?

Ikilisiyar ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar jira ba ce. Cikin mutum uku da suka iso Legas a 1893 da niyyar kawo bishara yankin nan, wanda a lokacin ake kira ƙasar Sudan, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894, Rowland Bingham ne kaɗai ya koma, kuma sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, SIM, ta kafa tasha a Patigi. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigar mishan masarautun Arewa, har ƙofar ta buɗe ta hanyar jinyar kutare a wurare irin Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1930. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, Katsina kuma ba ta sami dayosis ɗin Katolika nata ba sai a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa a kan kujera. A tsawon wannan zamani babu shekarar da aka zauna hannu rabbana: ana fassara, ana wanke gyambo, ana koya wa 'ya'yan Maguzawa karatu. Waɗanda kuma rikicin yau ya tilasta wa barin ƙauyukansu zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, kada wani ya ɗora musu laifin ƙarancin bangaskiya. Yesu ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani, shi ma a goye aka gudu da shi Masar.

Kirana ga fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shi ne, kowace majami'a ta buɗe littafi ta rubuta sunan duk wanda ke hannun 'yan bindiga daga unguwarta, Kirista ne ko Musulmi, da ranar da aka ɗauke shi, da abin da iyalinsa suka sayar. A karanta sunayen nan kowace Lahadi a lokacin addu'a, a ware wani kaso na baiko don ciyar da gidajensu. Ranar Litinin kuma a nemi limamin masallacin unguwa da mai gari, a ɗauki kwafin littafin tare a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da baturen 'yan sanda da ɗan majalisar mazaɓa, a karɓi sa hannun shaidar sun karɓa. In wata ya zagayo ba a ji komai ba, a sake komawa.